Rumbun da Ya Faɗi a Kwangila

A Kwangila jakata ta suɓuce,
mai Keke na kauce wa rami.
Na ji ƙwas a kan kwalta,
na ɗauka, na kaɗe, na hau muka wuce,
ban san damina bakwai ce ke zubewa.

Da dare a Samaru na jona shi.
Sai ƙyas, ƙyas, ƙyas,
kamar tsaka a bayan ƙyaure.
Na zare, na hura, na mayar,
har sau tara,
ashe da hannuna nake ƙarasawa.

Me ke ciki? Dawa.
Awon kowace zangarniya ta gonar gwaji a Shika,
tsawon kara, ranar fid da kai, ɓarnar wuta-wuta.
Sai muryar Baba Barau a gindin ɗorawa
yana jero iri yadda kakarsa ke kiran su.
Bara da kaka aka kai shi makwanci,
ba wanda zan ce wa a maimaita mini, ban ji ba,
ba kuma sakewa.

Shagon Mika'ilu na PZ, ƙarƙashin bene,
tsakanin mai gyaran agogo da mai kunun aya.
Ya kara shi a kunne kamar mai sayen kankana.
"Malama, kin jona bayan ya faɗi?"
Na ce sau ɗaya.
Ya dube ni, bai ce komai ba,
na ƙara takwas ɗin ina sunkuyawa.

Ya ce akwai faifai a ciki, sumul kamar madubi,
allura na shawagi a kansa, ba ta taɓa shi,
tazararsu ba ta kai silin gashi ba.
Yanzu ta lanƙwashe,
duk juyi guda huɗa take yi,
garma ce a gonar da ta riga ta nuna,
abin da ta bi ba ya tsirowa.

Kwana uku yana tonon buhun matattu,
neman ɗan'uwansa, uwa ɗaya, shekara ɗaya.
Ya samo na wani shagon buga takardu
da ya rufe a Tudun Wada.
Ya kashe fanka, ya sa safar hannu,
ya tura hannu akwatin gilashi,
ya ce in ja baya, ko numfashi ƙura ne.
Allurar mamaci ya dasa wa majinyaci,
zufa na bin gemunsa, ba halin sharewa.

Sai jira.
Layin kore na rarrafe kamar hawainiya.
Aka ɗauke wuta, ya tayar da inji,
na sayi mai da kuɗin cefane.
Kwana goma sha ɗaya
muna tsintar gero cikin yashi,
ƙwaya, ƙwaya, ba gaggawa.

Suka dawo ba suna, lambobi zalla,
kamar tumakin da aka kwance wa igiya.
Damina shida na ƙirga.
Ta uku ta bi garma.
Na ce, "Muryar fa?"
Ya miƙo mini abin sauraro, ya fita shan iska,
ya san abin da ke zuwa.

"Kaura. Farfara. Mori. Makaho-da-wayo.
Sai wadda ba a shuka ta yanzu,
ita ce ta fid da mu shekarar fari,
sunanta..."
Shiru.
Daƙiƙa goma sha biyu, na auna.
Sai tarinsa, sai dariya,
sai zakara can nesa yana carawa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, na ji.
Rumbuna uku yanzu, ɗaya na Tudun Jukun wajen yayata.
Amma shirun nan na kwafe shi shi ma sau uku.
An ce Baba ya bar ƙanwa a Shika,
ta kurumce, sai an ɗaga murya.
Asabar zan je, da biro da takarda,
in zauna kusa da kunnenta na dama,
ko tana tunawa.